Hasken da Ja'afaru Ya Rage

Tun da yanar ido ta fara rufe wa Malam Abdulhadi gani, babban ɗansa Ja'afaru ne ya zama idonsa. Duk mutumin Tsamiyar Bunu, wani ƙaramin ƙauye da ke bayan Minjibir, ya san haka. Da an sallame sallar la'asar za ka ga Ja'afaru ya wanke ƙasar gona daga ƙafafunsa, ya shigo zaure, ya zauna a hannun daman mahaifinsa ya buɗe littafi. Shi ne mai jan baƙi: ya karanto Larabcin layi-layi, Malam ya fassara wa magidantan da suka zo ɗaukar karatu. Alƙur'ani dai yana kan Malam, ba ya neman ido a kansa. Amma littattafan fiƙihun da ya gada, masu ƙananan rubutun hannu a gefe kamar sawun tururuwa, waɗannan sai da mai gani.

Ja'afaru bai taɓa jin an ce masa sannu a kan wannan aiki ba, kuma bai sa rai ba. Ɗan fari ne, Malam kuwa mutumin da ne, mai alkunya har ta yi yawa. Bai taɓa kama sunan Ja'afaru ba. In zai kira shi sai ya ce, "Kai." In zai yi maganarsa da wani sai ya ce, "wancan." In ya yi abin yabo kuwa, iyakarta Malam ya yi gyaran murya ya ce a ci gaba. Ja'afaru ya saba, zaman nan na hannun dama ya ishe shi. A nan ne kawai kafaɗarsa ke taɓa ta mahaifinsa, kuma in ya tsaya da karatu, dole Malam ma ya tsaya ya jira shi. Ba ya faɗa wa kowa, amma wannan dolen tana yi masa daɗi ƙwarai.

Shi kuwa Munir, autan gidan, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wanda ke aiki a birnin Kano, babu wata kunya a kansa. Sunansa ba ya barin bakin Malam. Munir ya bugo waya, Munir ya aiko da sabulu, Munir ya ce a daina shan shayi da sukari. In Munir ya yi atishawa a Kano, sai an ji labarinta a zauren Tsamiyar Bunu.

Ana tsakiyar noman farko, gero ya kai gwiwa, Munir ya sauko daga motar Minjibir da wata jaka a kafaɗa. A zaure, gaban masu ɗaukar karatu, ya zuge ta ya fito da kwamfuta. Ta hannu ce, ba sabuwa ba, baƙa, mai nauyi, kusurwarta ɗaya ta fashe an liƙe da salatif. Ashe zuwan da ya yi da Sallah ya ɗauki hotunan shafukan littattafan Malam da wayarsa, ya je ya zuba su a ciki. Ya ɗora ta a kan wani ɗan benci gaban buzun Malam, ya danna nan ya danna can, sai ga rubutu ya kumbura, kowane harafi ya kai ɗan yatsa.

"Baba, matso ka duba. Me ka gani?"

Malam ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa gilashin. Ya bi layukan da ido. Can sai ya ce, "Wannan ai hannun mahaifina ne." Ya sa yatsa a ƙarƙashin layin, ya karanto shi da kansa, ya karanto na biye. Ya ɗago, hawaye na bin kumatunsa, ya lalubo kan Munir ya dafa.

"Allah ya yi maka albarka, Munir. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Zaure ya ɗauki amin. Ja'afaru ma ya ce amin, har ya fi kowa ɗaga murya, don kada wani ya lura da fuskarsa. Shekara da shekaru yana jan baƙi, da zazzaɓi da gajiyar huɗa, bai taɓa jin wannan hannun a kansa ba. Ga wani ya zo da tsohon ƙarfe mai salatif, kafin shayi ya huce ya kwashe albarkar duka.

Kafin Munir ya koma ya ja yayansa gefe ya yi masa bayani, irin bayanin da ake yi wa wanda ba a sa ran zai gane. "Yaya, nan ake kunnawa. Wannan kibiyar ita ce ta juya shafi. Batirin ya tsufa, ba ya jimawa, sai dai kullum a kai ta caji wajen Basiru. Waɗannan maɓallan masu shuɗin zane kuwa, don Allah kada a taɓa su, za su rikita ta."

Ja'afaru ya gyaɗa kai kawai, ya koma gona.

Daga ranar aiki ya sauya. Da safe zai naɗe kwamfutar a tsohon zanen matarsa, ya ɗaure a bayan babur, ya kai ta shagon Basiru da ke bakin titi, inda ake cajin wayoyi da sola. Bayan azahar ya ajiye fartanya ya koma ya ɗauko. Da la'asar Malam zai gyara zama, ya ja baƙinsa da kansa, ya fassara da kansa, baki har kunne. Ja'afaru yana nan a hannun dama, amma Malam ya matsa gaba wajen bencin, tsakaninsu ya buɗe. Aikinsa ɗaya ne yanzu. In Malam ya kai ƙarshen shafi ya ce, "Juya," sai ya miƙa yatsa ya danna kibiya.

Dabo, wani dattijo abokin Malam tun ƙuruciya, wanda bakinsa ba ya zama shiru, ya dubi kwamfutar wata rana ya ce, "Malam, ka yi sabon ɗa. Wannan ba ya tari, ba ya tuntuɓe a kan wasali, ba ya cin tuwo." Aka kwashe da dariya. Malam ma ya dara, ya ce, "Aikin Munir ke nan."

Ja'afaru ya yi yaƙe, amma maganar ta bi shi har gida. Matarsa Tahira ta ajiye masa tuwo, ya yi loma kaɗan ya ture kwanon.

"Wai me ke damunka kwanan nan?" ta tambaya.

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa kake kallon jakar nan kamar ta zage ka? Ai sauƙi aka kawo maka. Ka huta da ciwon maƙogwaro."

"Wa ya ce miki na nemi hutu?"

Ta dube shi, ta ɗauke kwanonta. A faɗi gaskiya, kishi ne ke cin Ja'afaru, kuma ya san kishi ne. Ba na kwamfuta ba, me ya haɗa shi da ƙarfe? Kishin ƙanensa yake yi, wanda ba ya nan amma kullum yana zaure. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, shi ke ɗaukar abin a bayan babur, rana da ruwa, yana kai shi ya ƙoshi ya dawo ya ture shi daga wurinsa.

Sai aka shiga kwanakin marka. Hadari ya rufe sama, rana ba ta leƙowa, solar Basiru ta yi sanyi. Wata la'asar Malam yana tsakiyar bayani a kan rabon gado, gilashin ya yi ɗif ya koma baƙi.

"Me ya faru?" in ji Malam.

"Caji ne ya ƙare."

Masu karatu suna jira. Malam ya ja jiki baya, ya koma mazauninsa na da, ya ce, "To, ɗauko littafin."

Ranar Ja'afaru ya ja baƙi kamar ana biyansa da Aljanna. Ya fitar da kowane harafi daga inda ya dace, ya ja inda ake ja, ya tsaya inda ake tsayawa. Kafaɗar mahaifinsa tana jikin tasa. Da ya shiga gida ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, har Tahira ta tsaya tana kallonsa.

Daɗin bai kwana biyu ba. Malam ya kai ƙara wajen Munir ta waya cewa caji ba ya isa, Munir kuma ya bugo wa yayansa ya ce a tambayi Basiru ko da dabara. Ja'afaru ya je ya tambaya, yana fatan a ce babu.

Basiru ya buɗe kwamfutar a kan teburinsa, cikin tarin wayoyi da igiyoyi. "Hasken gilashin ne ke shanye batir," ya ce. "An ƙure shi ne. Ka ga wannan maɓallin na ƙasa, mai Fn da shuɗi? Danne shi ka riƙe. Yauwa. Sai ka taɓa wancan na sama mai hoton ƙaramar rana. Ka gani? Ya ragu. Na kusa da shi mai babbar rana shi ke ƙarawa. In ka rage kaɗan za ta kai ku har magariba."

"An ce kada a taɓa masu shuɗin nan."

Basiru ya yi dariya. "Don a taɓa aka yi su, Malam Ja'afaru."

A ranar farko taɓawa ɗaya ya yi, kuma tsakani da Allah don batir ya yi. Kwamfuta ta kai su ƙarshen darasi ba ta mutu ba. Sai dai Ja'afaru ya lura Malam ya ƙara matsawa kusa da gilashin, ya ɗan runtse ido. Wannan runtsewar ce ta bi Ja'afaru har gona washegari. Yana ciro ciyawa daga gindin dawa yana tuna ta.

Da ya ɗauko kwamfutar daga caji sai ya tsaya a ƙarƙashin wata ɗorawa, ya kashe babur, ya kwance zanen. Ya gaya wa kansa cewa marka ba ta wuce ba, batir kuma tsoho ne, ƙara ragewa tattali ne. Ya danne Fn, ya taɓa ƙaramar rana. Zuciya in tana son abu ba ta rasa fatawa, ta Ja'afaru kuwa ɗiyar gidan malamai ce.

Bai yi gaggawa ba. Yau ya rage, ya bar shi haka wasu kwanaki har ido ya saba, sannan ya ƙara. Shi mai lafiyar ido yana ganin rubutun sarai, sai dai farin shafin ya koma ruwan toka. Masu ɗaukar karatu suna zaune ne ta bayan kwamfutar, ba sa ganin komai sai murfinta. Malam kaɗai ke fama. Ya fara tsayawa a tsakiyar layi. Ya fara goge ido da bakin rawani. Rannan ya ɗora yatsa a kan wata kalma ya daɗe, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kai, wannan mece ce?"

Ja'afaru ya sunkuyo ya faɗa masa. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har yatsun ƙafa.

Daga kalma aka koma layi, daga layi aka koma rabin shafi. Malam yana ja da baya kaɗan-kaɗan, Ja'afaru yana matsowa. Har aka kai ranar da Malam ya kafa wa gilashin ido ya kasa fara ko basmala. Ya sauke numfashi ya ce, "Rufe ta. Ɗauko littafin."

"Ko injin ne ya lalace?" in ji Dabo. "Kayan hannu ba su da tabbas."

"Bari mu ji," in ji Malam. "Kai, kana ganin rubutun?"

"Ina gani," in ji Ja'afaru. Ba ƙarya ya yi ba, kuma ya riƙe wannan sosai a ransa.

"To ka ji, Dabo. Inji lafiyarsa ƙalau. Idon ne ya tafi." Malam ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Wanda ya ba da shi ya karɓi abinsa. Ya ara mini na ga hannun mahaifina kafin in rufe, na gode masa."

Haka Ja'afaru ya koma mai jan baƙi. Kwamfuta ta koma jaka, aka rataye ta a ƙusa. Babu sauran zuwa shagon Basiru, babu "Juya." Ya sami abin da yake so cif, ya kamata a ce ya yi ƙiba.

Amma Malam ɗin da ya dawo masa ba shi ne na da ba. Da can in Ja'afaru ya yi kuskuren wasali, kafin ya rufe baki an gyara masa. Yanzu sai ya yi kuskure da gangan, Malam ya bar shi ya wuce. Fassarar ta gajarce, barkwancin da yake yi da Dabo ya ƙare. Mutumin da kullum da hantsi yake zagayawa ya ga yadda gero ke fitar da kai, ya daina fita, wai me zai gani. Abin da ya fi tsaya wa Ja'afaru shi ne ranar da ya hango shi yana fitowa daga ɗaki yana lalubar bango da tafin hannu. Idon nan bai ƙara lalacewa ba ko kaɗan, Ja'afaru ya fi kowa sani. Malam ya yarda ne cewa ya makance, jikinsa kuma ya bi shi a kan haka.

Sau da yawa Ja'afaru ya tsaya gaban jakar nan da niyyar sauko da ita ya mai da hasken. Sai wayar Malam ta yi ƙara, ya ji muryar tsohon ta washe, "Munir, kai ne?" Sai ya janye hannunsa. Ya zama ba ya iya kallon fuskar mahaifinsa. Da la'asar zai zauna ya sunkuyar da kai, ya karanta da sauri kamar ana korarsa, da an shafa fatiha ya rufe littafi ya fice. Murmushi ya ɓace masa, magana sai ta zama dole.

Gero ya fara nuna lokacin da Munir ya bugo da sabuwar magana. Ya ga wani likitan ido a Kano, likitan ya ce yanar ido ce, ana cire ta. Sai dai aikin ido biyu ne, ɗaya bayan ɗaya, da zuwa dubawa a kai a kai, don haka Baba zai zauna a gidansa har a gama. Kafin nan ya ba wani direban motar Minjibir maganin ɗigawa ya kawo.

Ja'afaru bai damu ba da farko. An sha yi wa Malam maganar asibiti yana cewa ba mai sa masa wuƙa a ido. Amma wannan karon da Dabo ya tambaye shi a zaure, sai Malam ya ce, "Zan yi tunani. Zama a nan ma nauyi ne a kan mutane."

Maganar ta zo wa Ja'afaru a ba-zata. Bai taɓa kawo wannan a lissafinsa ba. Shi so yake a dawo masa da hannun dama, ba a ɗauke masa mai hannun ba. In Malam ya tafi Kano, zaure ya rufe, Munir ne zai riƙa kama hannunsa zuwa masallaci, shi zai zuba masa shayi, shi zai kwana yana jin tarinsa ta bango.

Da gari ya waye ko gona bai leƙa ba. Ya sauko da jakar, ya kai wa Basiru, ya zauna a kan benci ya jira har batir ya cika. A hanya bai ma nemi inuwa ba. Ya danne Fn, ya yi ta taɓa babbar rana har ta daina ƙaruwa, gilashin ya yi fari tas.

Da la'asar, kafin a buɗe littafi, ya ɗora kwamfutar a kan benci. "Malam, ko za a sake gwadawa?"

"Me za a gwada?"

"A dai gwada."

Malam ya yi kamar ba zai duba ba, sannan ya sunkuya don kada ya gwale shi gaban mutane. Sai ya ƙame. Ya sa yatsa. Ya karanto layin farko, ya karanto na biyu, ya zarce har ƙasan shafi bai yi tuntuɓe ba.

"Allahu akbar!" in ji Dabo, ya miƙe tsaye da tsufansa. "Malam, me ka yi wa idon?"

Malam ya ɗago. Ja'afaru ya saki numfashi, ya ce a ransa shi ke nan, an fasa tafiya. Sai ya ga mahaifinsa ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalba.

"Maganin da Munir ya aiko ne," in ji Malam. "Jiya na fara ɗigawa. Jiya-jiyan nan, Dabo!"

Aka karɓi kwalbar ana miƙa wa juna, kowa yana juya ta yana jinjina kai. Wani ya ce a ba shi sunan maganin saboda gyatumarsa. Dabo ya ce, "To in ɗigo kawai ya yi wannan, ina ga ka je gaban likitan da kansa?"

"Abin da nake tunani ke nan," in ji Malam. "Da ina tsoron su. Yanzu na ga sun san aikinsu. Yaron nan bai taɓa kawo mini abin da bai yi amfani ba. A bugo mini shi."

Ana cikin wannan hayaniya batir ya ƙare, don hasken da aka ƙure ya shanye shi tun ba a je ko'ina ba. Gilashin ya yi baƙi, babu wanda ya kula. Ja'afaru na zaune a hannun dama, yana jin mahaifinsa yana shi wa Munir albarka ta waya, da ƙarfi, yadda na waje ma za su ji.

Hanya ɗaya ta rage masa, kuma ya san ta. Washegari da hantsi ya shiga ɗakin Malam, ya durƙusa a bakin ƙofa. Malam yana zaune yana tattara rigunan da zai tafi da su.

"Malam, maganar kwamfutar nan ce."

"A sa ta a kaya. Munir ya ce can akwai wuta, ba sai an yi ta yawon caji ba."

"Ba wannan ba. Akwai wani maɓalli..."

"Ni ina ruwana da maɓalli? Wannan tsakaninku ne da shi." Malam ya ninke wata riga ya ajiye. "Akwai wani abu?"

Ja'afaru ya buɗe baki. In ya faɗa, Malam zai zauna, wannan ba shakka. Amma zai zauna ne da sanin cewa ɗansa na fari ya ga yana lalubar bango, ya san dalili, ya yi shiru. Zai zauna kusa da wanda ya bar shi ya yi wa Allah godiya a kan makantar da ba Allah ne ya aiko ba. Wane hannun dama ne zai rage bayan wannan? Ya dubi tabarma ya ce, "Babu." Ya tashi ya fita.

Ranar tafiya Munir ya zo da motar wani abokinsa. Mutanen gari suka taru a ƙofar gida, mata suna leƙe ta katanga. Ja'afaru ne ya loda kaya a but ɗin motar, da buhun sabon gero, da jakar kwamfuta. Shi ya riƙe ƙofa har Malam ya zauna a gaba, ya tattara masa bakin riga ya rufe. Ya tsaya a jikin tagar, hannunsa a kan ƙarfen.

Munir ya tayar da mota. Malam ya dafa hannunsa ya ce ya dakata. Bai juyo wajen taga ba, gaba yake kallo.

"Munir, akwai saƙon da za ka ba yayanka."

"Baba, ai ga shi nan a tsaye."

"Na sani. Ka gaya masa na lura. Tun da idon nan ya sake tafiya karatun ya zame masa nauyi. Yana karantawa yana sauri, ransa a ɓace, da an shafa ya tashi. Ban ga laifinsa ba, ga gona ga iyali, ga tsoho kullum a wuya. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa." Malam ya gyara zaman rawaninsa. "Ba don likita kaɗai na yarda da tafiyar nan ba. Ka gaya masa ko ido ya gyaru, zan yi zamana a can. Ya gaji da ni, ya huta."

Munir ya leƙo ta gaban mahaifinsu yana murmushi. "Yaya, ka ji fa. An ba ka hutu. Sai mun yi waya."

Ya danna wani abu a jikin ƙofarsa, gilashin tagar ya fara hawa, dole Ja'afaru ya janye hannunsa. Mota ta motsa, jama'a suna ta Allah ya kiyaye hanya.

"Ban gaji ba," in ji Ja'afaru. "Baba, wallahi ban gaji ba."

Amma gilashi ya riga ya rufe, mota kuma ta hau hanyar Minjibir.